Liman, Ɗan Liman da Gidan Liman: Bambancin Ma'ana Tsakanin Laƙabin Malanta da Sunayen Sana'a a Ƙasar Batsari da Safana

Tsakure

Maƙalar ta dubi kalmomin da ake kiran masu hidimar addini da su, irin liman, ladan, alƙali da malam, tare da waɗanda ake kiran masu sana'o'in gargajiya da su, irin maƙeri, mahauci, wanzami da marini, kamar yadda suke gudana a bakin mutanen Batsari da Safana. An nuna cewa kalma guda kan ɗauki matsayi huɗu: aikin da mutum ke yi, sarautar da aka naɗa shi, sunan alkunya, da sunan takarda. Hausar baka tana rarrabe waɗannan ta gurbin kalma da tsawon wasali da karin sauti, amma fom ɗin rajista yana haɗe su wuri ɗaya. An kuma nuna cewa laƙabin malanta ya fi sunan sana'ar hannu sauƙin zama sunan iyali.

1.0 Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna yammacin Jihar Katsina, a gefen dajin Rugu wanda ya haɗa su da Zamfara. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari mutum 208,978, Safana kuma 183,779. Yawancinsu manoma ne Hausawa da makiyaya Fulani, kuma tsarin sarauta da na malanta da na sana'ar gado duk suna nan da ransu. Hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Tun daga waɗannan sunaye biyu mai nazari zai fara lura: Sarkin Ruma hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Katsina, kalmar sarki a nan ba ta nufin sarkin yanka. Irin wannan tazara tsakanin abin da kalma ke faɗa da abin da mai ɗauke da ita yake, ita ce abin da maƙalar ta sa gaba.

Magabata sun share fage. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun tattara ma'anonin kalmomin. Greenberg a 1947 da Hiskett a 1965 sun bi sawun kalmomin Larabci a Hausa, sannan Greenberg a 1960 ya kawo hujjar cewa wasu kalmomin ilimi, har da karatu da rubutu, ta hannun Barebari suka iso. M. G. Smith a 1959 ya yi bayanin darajar sana'o'i, Newman a 2000 ya fayyace ƙirar sunayen masu aikatawa. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan a dubi kalmar lokacin da ta manne wa mutum ta zama sunansa. Hanyar da aka bi ita ce kwatanta ma'anar ƙamus da maganar yau da kullum, a masallaci da kasuwa da zaure. Sunayen da aka gina misalan jimla da su, kamar Sani, na kwatance ne kawai.

2.0 Kalmomin malanta

Liman daga al-imam yake, an haɗiye harafin ta'arifi na Larabci ya zama ɓangaren kalmar. Haka ladan ya samo tushe daga kalmar kiran salla. Alƙali daga al-ƙadi yake, inda harafin ladi ya koma l, kamar yadda ya faru a alwala da farilla da larura da Ramalan. Wannan sauyi alama ce ta tsohon aro, wanda ya shigo ta bakin malaman zaure. Sabon aro, irin ustaz da imam, yana zuwa da kamanninsa na Larabci ba tare da an taɓa shi sosai ba. Saboda haka a gari ɗaya za a ji Liman a kuma ji Imam, asalinsu ɗaya, amma mai sauraro ya san na farko yana kai hankali ga dattijon da gari ya sani da gadon limanci, na biyu kuma ga wanda ya fito ta makarantar Islamiyya ko jami'a.

Limanci kansa hawa-hawa ne. Akwai limamin ratibi mai jan salloli biyar a masallacin unguwa, akwai limamin Juma'a, akwai na'ibi da ke tsaya masa idan ba ya nan. Wanda aka tura gaba ya ja salla a gona ko a tasha ya yi limanci a wannan lokaci, amma ba wanda zai kira shi Liman bayan an sallame. Limamin gari kuwa aikinsa ya wuce mihirabi: shi ke ɗaura aure, shi ke raɗa suna, shi ake jira a kan gawa, kuma akan naɗa shi da sanin dagaci ko hakimi. A nan ne aiki yake komawa muƙami.

Malam ta fi kowace kalma a cikinsu buɗewa. Tana nufin masanin addini, tana nufin mai koyarwa a firamare, kuma ita ce ake kiran duk namijin da ba a san sunansa ba a cikin mota. Zamanin En'e ya ƙara mata wani reshe, inda ta zama sunan ma'aikacin da ya iya rubutu: malamin haraji, malamin gona, malamin daji, malamin asibiti. Malamin gona ba manomi ba ne, kuma ba a zuwa wurinsa neman fatawa. Da kalmar ta yi wannan faɗi, sai jama'a suka riƙa ɗaure ta da wata don a gane: malamin zaure, malamin allo, malamin tsibbu, malamin makaranta. A ɓangaren Alƙur'ani kuwa matakan a tsare suke, daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, sannan alaramma, gwani da gangaran. Ko a nan ma'ana tana motsi, domin a wurin tafsirin azumi alaramma shi ne mai jan baƙi, ko da mai fassarar ya girme shi a karatu. Fulanin da ke zaune a gefen Rugu suna da modibbo, wadda ta tsaya a kan masanin addini, ba ta yi yaɗon da malam ta yi ba.

Shehu tana buƙatar a tsaya a kanta. Saboda girman Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, duk yaron da aka raɗa wa Usman yana iya tashi da Shehu. Shehu Shagari da Shehu Musa 'Yar'aduwa ba jagororin ɗariƙa ba ne. A zawiyyar Tijjaniyya kuwa, idan aka ce Shehu ba tare da ƙari ba, sau da yawa Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ake nufi, ko shehin da almajiri ya karɓi wuridi a hannunsa. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yaɗuwar wa'azi ta kaset da rediyo, lafazin Shaikh ya bazu ga malaman wa'azi. Yau zaɓin da mai magana ya yi tsakanin Shehu da Shaikh yakan nuna zauren da yake zama.

Kafofin labarai na Hausa sukan ce limamin coci, alhali mabiya addinin Kirista da kansu suna cewa fasto, rabaran ko fada, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma yana amfani da firist. Aron liman a nan na sauƙaƙa wa mai sauraro ne, ba ya nuna yadda masu abin ke kiran shugabanninsu.

3.0 Gurbin kalma a cikin suna

A dubi waɗannan siffofi: Liman Sani, Limamin Batsari, Sani Liman, Sani na Liman, Liman kawai, ana kiran yaro ɗan shekara bakwai.

A ta farko laƙabin ya gabaci suna, mutumin shi ke riƙe da aikin. A ta biyu an ɗafa kalmar ga sunan gari, ta zama muƙami da mutum ɗaya ke riƙewa a lokaci ɗaya. A lura cewa cikakkiyar siffar kalmar, limami, ita ke bayyana wurin ɗafi da jam'i, a ce limamin gari, limamai. Gajeruwar siffa ta kira ce da laƙabi. Haka abin yake a malami da Malam, ladani da Ladan, wanzami da Wanzam. A siffa ta uku kalmar ta koma bayan suna, kuma galibi tana nufin uban Sani ko kakansa ne liman. Ta huɗu ta fi faɗi: Sani na iya zama ɗa, ko almajiri, ko bara, ko agola a gidan.

Siffa ta biyar ita ce ƙamus bai cika kula da ita ba, ita ce kuma ta fi yawan rikitar da baƙo. Idan aka yi wa dattijo takwara da jikansa, uwar yaron ba ta iya ambaton sunan surukinta, uban ma yana jin nauyin kiran sunan mahaifinsa a tsakar gida, balle a ce za a tsawata wa yaron. Sai a ɗauko laƙabin da ake kiran dattijon da shi a ɗora wa jaririn. Ta wannan ƙofa Liman da Alƙali da Malam da Alhaji da Halifa suka zama sunayen yara, kamar yadda Abba da Baba suka zama. Za ka ji uwa ta leƙo daga ɗakin girki tana cewa, “Alhaji, zo ka kai wa Malam ruwan alwala,” alhali Alhajin bai taɓa wuce kasuwar garinsu ba. Babu wanda ke ganin ƙarya a cikin wannan, domin kowa ya san kunya ce ta haifi sunan.

Yadda ake gaisuwa yana warware abin da rubutu ya ɓoye. Limamin gari ana durƙusa masa a ce “Allah gafarta Malam.” Mai sarauta ana ce masa “ranka ya daɗe.” Yaron da ake kira Liman ba ya samun ko ɗaya daga ciki, ko da ya girma ya yi furfura, sai in ya yi karatun. Akwai kuma alamar sauti da Newman ya bayyana: sunan gama-gari idan ya koma sunan mutum, wasalinsa na ƙarshe yakan gajarce, kamar baƙo da Baƙo, dogo da Dogo. Kunnen Bahaushe yana kama wannan ba tare da an koya masa ba, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali.

Manyan sunaye sun tabbatar da rabuwar kalma da aiki. Marigayi Shehu Malami, Sarkin Sudan na Wurno, ya haɗa laƙabin malanta biyu a sunansa, alhali da sarauta da kasuwanci da jakadanci aka san shi. Abubakar Malami lauya ne, ya riƙe ministan shari'a daga 2015 zuwa 2023. Usman Alkali Baba ɗan sanda ne har ya kai Sufeto Janar a 2021. Abubakar Imam da aikin jarida da rubutu ya shahara. Yayansa, Malam Bello Kagara mai littafin Ganɗoki, ya zama Walin Katsina, kuma wannan wali sarauta ce mai alaƙa da shari'a, dabam take da walin da ke cikin Wali Ɗan Marina (malamin da za a zo kansa a gaba), wadda ke nufin waliyyi.

4.0 Sunayen sana'a

Hausa tana gina sunan mai sana'a ta hanyoyi kaɗan sanannu. Akwai ɗafa-goshin ma, kamar maƙeri, masaƙi, majemi, magini, mahauci. Akwai ba, wanda asalinsa na nuna ƙabila ko gari ne, kamar baduku da dukawa, barunje da rundawa. Wannan ƙira ta biyu tana da abin lura, domin tana ɗaukar masu sana'ar a matsayin jinsin mutane, kuma har yau tana aiki tunda ta haifar da bakanike. Akwai ɗan, kamar ɗan dako da ɗan tireda, akwai mai, kamar mai shayi da mai goro. Sai aro kai tsaye: tela, direba, kafinta, birkila.

Idan aka gwada waɗannan a gurbin da aka gwada liman, sakamakon yana juyewa. Ba a cewa Maƙeri Sani ko Tela Sani a matsayin girmamawa. Kalmar sana'a bayan suna take zama, kuma a can tana nufin mutumin da kansa: Sani Tela shi ke taka keken ɗinki, Sani Maƙeri shi ke gaban uwar maƙera da masaba a hannu. Ke nan gurbi ɗaya yana ba da ma'ana biyu masu karo da juna. Sani Liman ɗan liman ne, Sani Tela kuwa tela ne. Ladan ya tsaya a tsakiya, domin a ƙauye Malam Sani Ladan sau da yawa shi ne mai kiran sallar, wataƙila saboda ladanci bai kai limanci zama muƙamin naɗi ba, ya fi kama da hidimar da aka san mutum da ita.

Hanya ɗaya ce sana'a ke bi ta dawo gaban suna, ita ce sarauta: Sarkin Fawa, Sarkin Aski, Sarkin Maƙera, Sarkin Noma. Sarkin Fawa shi ke kula da mahauta da abin da ake yankawa a kasuwa, Sarkin Aski shi ne shugaban wanzamai masu kaciya da ƙaho da cire beli. A lura da zaɓin kalma a nan. An ɗauki sunan aikin, fawa da aski, an bar sunan mai yin sa. Kuma ba duk sunan da ya yi kama da na sana'a ne na sana'a ba: Nomau yaro ne da aka haifa lokacin noma, ko ya taɓa riƙe fartanya ko bai taɓa ba.

Smith ya rarrabe sana'ar da aka gada, wadda ya rubuta da sunan karda, da wadda mutum ya shiga da kansa, wato shigege, ya kuma nuna cewa al'umma ta ɗora masu sarauta da malamai a sama, ta ajiye mahauta da maroƙa a ƙasa. Wannan jeri ba adalci ba ne ga mutanen da gari ba ya rayuwa sai da su. Babu manomin Batsari ko Safana da zai shiga damina ba tare da ya bi ta maƙera ba, babu sunan da ake yi ba wanzami da mahauci. Amma harshe ya adana jerin, kuma ana ganinsa ƙarara a wurin zaɓen sunan iyali. Ɗan liman yana rubuta Liman da alfahari. Ɗan mahauci ba ya rubuta Mahauci. In gidansu na da sarautar sai ya rubuta Sarkin Fawa, in babu ya ɗauki sunan kakansa ko na garinsu. Sunayen fatauci masu mai, irin Maigoro da Maishanu da Maiturare, suna wucewa ba tare da tangarɗa ba, domin suna ɗauke da ƙanshin dukiya. A Ingila sunan da ke nufin maƙeri, Smith, shi ya fi kowane sunan iyali yawa, Larabawa ma suna da Haddad da Najjar. A ƙasar Hausa ƙira tana da daraja da asiri, kuma gado ce, duk da haka Maƙeri bai zama sunan iyali gama-gari ba.

5.0 Misalin Ɗan Marina

Tarihin Katsina ya ba da misali mafi kyau na haɗuwar ɓangarorin biyu. Malamin ƙarni na 17 da ake kira Wali Ɗan Marina, a rubuce-rubucen Larabci sunansa Muhammad ibn al-Sabbag, wato ɗan mai rini. Sai dai siffar Hausa ba ta ce ɗan marini ba. Marina a rubuce kalma biyu ce. Idan aka faɗe ta da karin sama tun daga farko har ƙarshe, wurin da ake rini ce, inda karofi yake. Idan gaɓar tsakiya ta sauka, jam'in marini ce. Haka maƙera da mahauta da majema suke, kowace tana iya zama wuri ko mutane. Don haka sunan yana iya danganta malamin da unguwa, yana iya danganta shi da jama'ar masu sana'a, Larabci kuma ya zaɓi ya mai da shi nasaba ta uba. Duk wanda aka ɗauka, babban malamin Katsina da sunan rini ya shahara, kuma hakan bai rage masa komai ba.

Wani malamin Katsina, Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, sunansa ya bi wata hanya. Ya bar unguwar Masanawa a birnin Katsina, sannan sunan ya zama sarauta har a wajen Katsina, kamar yadda aka san Yusuf Maitama Sule da Ɗan Masanin Kano. Ga suna ya koma muƙami, kishiyar abin da ya faru da liman, inda muƙami ya koma suna.

6.0 Sunan takarda

Bahaushe bai gaji sunan iyali mai bin zuriya ba. Sunansa na yanka da na ubansa da laƙabi su ne shaidarsa, kuma jerin yana sauyawa daga tsara zuwa tsara. Rajistar makarantar boko ce ta fara neman suna na biyu, inda ɗaliban farko da yawa suka ɗauki sunan gari, aka sami Isa Kaita da Aminu Kano. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kai wannan buƙata ƙauyuka. Lambar banki ta BVN a 2014, da umarnin haɗa lambar ɗan ƙasa da layin waya a Disamba 2020, suka mai da ita dole ga kowa, har tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. Turkiyya ta fuskanci irin wannan a 1934, ta wajabta sunan iyali da doka, ta kuma soke amfani da laƙabi irin hoja da haji da mulla a hukumance. Nijeriya ba ta yi wata doka irin wannan ba, sai aka bar ma'aikacin da ke gaban kwamfuta ya yanke hukunci.

Abin da ke faruwa a teburin rajista sananne ne. Ana tambayar mutum sunan mahaifinsa, kunya ta hana shi faɗin sunan yanka, sai ya ce Liman ko Alhaji ko Malam, a rubuta. Wansa ya je wata rana ya ba da sunan yankan, ƙanensu ya ba da sunan ƙauye. 'Yan ɗaki ɗaya sun fita da sunayen iyali uku. Ga mace abin ya fi cakuɗewa, domin takardar makaranta na ɗauke da sunan uba, ta asibiti na ɗauke da na miji, kuma ita ma ba ta faɗin sunan mijin sai laƙabinsa.

A Batsari da Safana matsalar tsaro ta ƙara wa batun nauyi. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka, mutane sun kwarara cikin garuruwa, kuma a can ake rubuta sunayensu don rabon tallafi. A ƙauyensu, da an ce gidan Liman ko gidan Sarkin Aski an gama bayani, kowa ya san ƙofar. A garin da suka sauka akwai wani liman da wani sarkin aski, mai rubutu kuma bai san kowa ba. Limamin ƙauyen da ya watse yana nan da sunansa, jama'arsa na ce masa Liman, su kawo masa ɗaurin aure da raɗin suna, alhali a masallacin da yake salla yanzu yana bin wani ne a sahu. Wanda zai tsara fom don irin waɗannan mutane yana buƙatar gurbi uku a rarrabe, na sunan yanka, na sunan yankan uba, da na laƙabin da aka san mutum da shi, kuma ya fi dacewa a tambayi sunan uban daga bakin mai unguwa ko wani dattijo wanda kunya ba ta hana shi faɗa.